Shekarar da Na Kitsa Kan da Ba Ya Sunkuyawa

Kan farko da aka ba ni in kitsa don a gwada hannuna, na wata yarinya ne tana barci. Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ita ta koya mini kitso a tsakar gidanmu nan cikin garin Lafiya. Na daɗe a gabanta ban taɓa kan mutum ba. Aikina in miƙo kibiyar tsaga, in narkar da man shanu a murfin kwano, in share gashin da ya zuba in kai bayan ɗaki in tusa a rami, domin gashin mutum ba a barinsa a fili kowa ya tsinta. Daga nan aka ƙara mini girma na koma tsifa. Kitso kuwa sai dai in je bakin rijiya in kama ciyawa in yi ta yi.

Rannan bayan azahar 'yar maƙwabtanmu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta ɓingire a kan tabarma. Gwaggo ta nuna ta da haɓa ta ce, "Dije, ga kai nan. Yi mata kalaba. In ta farka kin koma shara."

Ko tsaga ban gama ba yarinyar ta tsala ihu. Na koma shara. Haka muka yi ta fama, ni da yarinyar nan, har ta kai in ta hango ni sai ta ƙi barci. Sai da Gwaggo ta gaji da dariya sannan ta kama hannuna ta nuna mini. Ta ce hannun dama shi ke ja, hannun hagu shi ke tare jan. Ki danne gindin gashin da yatsun hagu, duk ƙarfin da dama ta yi ya mutu a kan yatsunki, kada ya isa fata, balle ya isa wuya. Ranar da na gama kan nan tas yarinyar na munshari, Gwaggo ba ta ce na iya ba. Cewa ta yi, "Gobe ki zo da kujerarki."

Ku nake ba wannan labarin, 'yan matan yanzu da kuke zuwa rumfata kuna cewa in koya muku kitso kafin salla. Kun kalli bidiyo a waya, kun ga yatsu na gudu, kun ce ai sauƙi ne da shi. Abin da kuke kallo a waya gashi ne kawai. Mu da muke kitso mutum muke riƙewa. Ƙarƙashin gashi akwai fata, ƙarƙashin kai akwai wuya, kuma duk jan da mai kitso ta yi, wuyan mai kai ne yake ɗauka. Ba wanda ya gaya muku wannan, ko?

Kayan aikina duk a gwangwanin alawa ɗaya suke. Kibiya ta ƙarfe da maƙeri ya yi mini tun ina amarya, mataji na katako mai faɗin haƙora, baƙin zare, almakashi, man kaɗanya a kwalba. Amma manyan kayan aikin mai kitso ba sa shiga gwangwani. Na farko gwiwa. Mai kai ta zauna a tabarma, ke kina kan kujera 'yar tsugunno, ki matse kafaɗunta da gwiwoyinki, ki kwantar da kan a cinyarki, ki juya shi yadda kike so. Na biyu dunguri. Wadda ta ɗago kai tana leƙen wanda ya wuce, ki dungure ta da bayan yatsa ta koma. A bayan kasuwar doya an san ni da dunguri. Har matar alhaji na dungura, ta dawo mako mai zuwa.

Kuma ba kowane kai ake wa kowane kitso ba. Matan 'yan kasuwar cikin gari suna son zane ƙanana, a bi su har gida a yi musu a inuwa. 'Yan makarantar Shabu su sauko daga mashin da hoto a waya, su ce irin wannan, alhali gashin da ke kansu ko rabin na hoton bai kai ba. Matan garin Awe masu dafa gishiri, hayaƙi da gishiri sun busar musu da gashi, in ba ki jiƙa shi da mai ya kwana ba, karyewa zai yi a hannunki. Masu doya kuwa, duba tsakar kansu za ki ga inda gammo ya cinye. Mai ɗaukar kaya a ka ba a yi mata shuku, ba a ɗora mata tudu a tsakiya. Ki kwantar da kitson ya gangara gefe da gefe, tsakar kan ta zauna shafe, daro ya sami wurin zama. Wadda ta yi wa mai doya shuku ta gama da ita, ba za ta sake ganinta ba.

A cikin masu doyan nan akwai Mama Terna. Tibi ce, ƙatuwar mace, dariyarta daga layin doya ana jin ta a layin manja. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Duk Asabar da ta zagayo mata tana tabarmata saboda cocin Lahadi, kuma ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta jawo ƙawayenta. Ita kitso mai zafi take so. Ina yi tana cewa, "Iya, ja shi! Hannunka ya mutu ne yau?" In ja har girarta ta ɗaga, ta ce yawwa.

Shekarar da ta fi mini muni a sana'ar nan ita ce shekarar da salun ya cika gari. Kowane lungu an buɗe shago da janareta da madubi da gashin doki rataye a ƙofa. 'Yan mata suka watse mini kamar an kore su. Masu doya kaɗai suka rage, su ma don Mama Terna na jan su. To a cikin shekarar ce ita ma ta faɗi. Dama ta jima tana cewa hannayenta na mutuwa, doya na suɓuce mata. Rannan tana dawowa daga gona ta hanyar Shabu mashin ya zame da su, ta bugu a ƙeya. Aka ɗauke ta sai babban asibiti a Abuja. Muka ji an yi mata aiki a wuya. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bencina ba kowa sai ƙuda. Na koma yi wa 'ya'yan maƙwabta kalaba don kada yatsuna su sandare.

An yi watanni a haka, sai ga 'yarta Doshima a keke napep. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Iya, Mama ta ce a kira ki. Ta ce in ba ke ba, ba mai taɓa mata kai."

Na ɗauki gwangwanina muka tafi.

Na tarar da ita a baranda, zaune kyam a kujera mai dogon baya. An sa mata kwalar roba mai tauri, daga haɓa har ƙirji, ta baya kuma ta hau har ƙeya. Ba ta iya duba ƙafarta, ba ta iya duba kwanon abincinta. Idanu kawai take juyawa kamar hawainiya. Muryar nan da ke cika kasuwa ta koma siririya, don ta maƙogwaro aka shiga aka yi aikin.

"Iya, ka zo?" in ji ta. "Ka ga yadda suka ɗaure ni kamar akuyan Kirsimeti."

Na ce, "Akuya ma ta fi ki hankali, ita ba ta hawa mashin da buhu."

Ta fara dariya, ta tuna, ta tsaya.

Doshima ta yi mini bayani, na sa ta maimaita har na gane. Likita ya cire abin da ya lalace tsakanin ƙasusuwan wuyan, ya gutsuro ƙashi daga ƙugunta ya cike gurbin, ya ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Ƙarfen riƙo kawai yake yi, kafin ƙasusuwan su kama juna su zama ɗaya. Da an ce wata kaɗan za a cire kwala. Sai aka koma aka ɗauki hoto, aka ga ƙashin bai kama ba. Aka ƙara lokaci, aka sake ɗauka, yana nan yadda yake. Likita ya ce zai ƙara jira, amma in ya ƙi, sai a sake yanka, a sake gutsuro wani ƙashin daga ɗaya ƙugun. Abin da gidan duka ke tsoro ke nan.

Muna cikin haka babban ɗanta Terna ya fito, ya miƙo mini sabuwar reza a takardarta. Ya ce, "Iya, ki taimaka ki aske shi kawai mu huta. Tun kafin aiki kitson nan yake kanta. Ya dunƙule, yana wari, tana cusa cokali tana sosawa, har kwalar take ɗagawa."

Mama Terna ba ta iya juyowa ta harare shi ba, sai ta harari bango. Ta ce, "Terna, babanka ya mutu ne?"

Daga gindin lemo wani siririn tsoho da ke gyaran rediyo ya ce, "Ina nan tukuna."

Baba Terna ke nan, mijinta. A danginsu mace ba ta aske kai sai ranar da mijinta ya rasu. In ta fita da ƙwalƙwal, duk wanda ya gan ta zai zo gaisuwa. Ta ce ita ba za ta yi wa mijinta takaba yana zaune yana jin labarai ba. In kuma ba za a yi mata kitso ba, gobe za ta hau keke ta je salun a wanke mata. Kun san yadda ake wanke kai a salun, a lanƙwasa wuya ta baya a bakin kwano. Doshima na jin haka ta fara hawaye.

Na ce kowa ya yi shiru. Na ce wa Doshima ta buga wa likitan waya ta tambaye shi ko kitso zai yiwu, don ni kai na sani, ban san ƙarfe a cikin wuya ba. Ya amsa da sharaɗi. Kada a cire kwala tana zaune, kada a sunkuyar da kan, kada a juya shi, kada a fizge shi ko kaɗan. In ba za a iya haka ba, a bari.

Na ce za a iya. Na zagaya bayanta na kama ƙullin ɗankwalinta. Ta ce, "Iya, tsaya, bari in kwance da kaina." Ni kuma ba a gaya mini yadda ake kwance ɗankwali. Ina warware shi sai wata 'yar kwalba ta faɗo, ta gangara a siminti har gaban Terna. Irin kwalbar man zafin nan ce. Na ɗauka na buɗe. Garin taba ne, na shaƙa, har wuya.

"Mama!" in ji Doshima. "Ba likita ya ce taba ko wace iri ce tana hana ƙashi kamawa ba? Ba kin rantse kin zubar ba?"

"Ɗan kaɗan ne. Don ƙaiƙayi."

Baba Terna ya ajiye rediyo ya ce, "Shi ya sa ake ta atishawa a bayi. Ni ina cewa mura ce."

Na buɗe gwangwanina na jefa rezar, na jefa kwalbar, na rufe. Na ce, "Ga yadda za a yi, ƙawata. Reza ba za ta taɓa kanki ba, ni na ɗauki wannan. Kwalba kuma ba za ta taɓa hancinki ba, ke za ki ɗauki wannan. Ranar da na ji warin taba, ranar na ajiye kibiya."

Ta ce, "Kai mugun mutum ne, Iya."

Na ce, "Yau kika sani?"

Tsifar kan nan ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi. Ba gwiwa, ba cinya, ba dunguri. Duk abin da na dogara da shi shekara da shekaru an karɓe. Kan ba zai zo wurina ba, sai ni in je wurinsa. Aka kawo mini benci na hau na tsaya a kai, in gama nan in sauka a ja bencin in sake hawa. Ruwa ba zubawa. Tawul nake tsomawa a ruwan ɗumi in matse in dafa a kan, in bi da man kaɗanya, in bari ya sha, sannan in fara warwarewa da yatsu daga bakin gashi zuwa gindi. Mataji bai shiga ba sai a ƙarshe. Hannun hagu a danne a gindin gashi, dama na aiki. Abin da Gwaggo ta koya mini a kan yarinya mai barci, wanda matan kasuwa masu son zafi suka sa na jingine, shi na ɗauko na karkaɗe. Ban gama a yini ɗaya ba, ban gama a biyu ba. Da ta ce ta gaji sai in sauka, gobe in dawo.

Duk da haka ban yarda da hannuna shi kaɗai ba. Na ce ina son mai riƙe kai. Ashe a asibiti nas ta koya wa Baba Terna yadda ake tallafe kan in za a canja soson cikin kwala. Na ce to, Baba, ajiye rediyo. Ya ce shi namiji, dattijon coci, a wurin kitso? Na ce don kai aka ƙi aske shi, kai za ka riƙe. Ya wanke hannu ya zo ya tsaya a gabanta, tafi ɗaya a wannan kunne, ɗaya a wancan, fuska da fuska.

Can ta ce masa, "Tun da ka aure ni ba ka taɓa kallona haka ba."

Ya ce, "Da kina tsayawa wuri ɗaya ne?"

Na ce, "Wanda ya sa ta dariya zan dungure shi, tun da ita ba dama."

Kitson da na zaɓa mata kalaba ce manya, sakwa-sakwa, duk na tura su sama da gefe. Bayan kan na bar shi shafe, saboda a rigingine take kwana, kuma ƙulli ɗaya a ƙarƙashin kwala ya isa ya yi mata gyambo. Gashin ƙeya da kwala ta rufe sai lokacin canja soso nake yi, tana kwance, Baba na tallafe da kan, Doshima na riƙe da kwalar, ni ina durƙushe a ƙasa ina sauri kamar mai kwasar tuwo. Da aka gama aka kawo madubi aka ɗaga mata daidai fuska. Ta daɗe tana kallo. Ta ce bai yi zafi ba, wannan ba kitso ba ne. Amma daga ranar cokali ya koma kicin, ba ta ƙara ɗaga kwala ba.

Rashin taba kuwa sai da ya gigita gidan. Ta yi faɗa da Terna, ta yi faɗa da kaji, ta ce miyar Doshima ruwan wanki ce. Na riƙa kai mata kanumfari tana tsotsa. Duk zuwan da na yi, kafin in buɗe gwangwani sai na duba farcenta, na duba bakin hancinta, na sunsuna kan. Mai kitso ba a ɓoye mata abu. Wadda ta yi kuka, wadda ta kwana a kicin, wadda ta shafa man kishiyar uwarta, duk kai yana faɗa.

Wata Asabar na yi rabin kai, na zagayo gaba zan ja benci, sai na ga ɗan ja-ja a farin soson da ke ƙarƙashin haɓarta. Na sa yatsa na lakato na sunsuna. Na sauka daga benci, na goge kibiya, na rufe gwangwani, na yafa mayafi.

"Iya, ina za ka? Saura rabi!"

"Wadda ta kawo miki taba ta ƙarasa miki."

"Gobe matan zumuntar coci za su zo mini addu'a! Haka za su gan ni?"

"Haka."

Na tafi na bar ta, gefe ɗaya kalaba, gefe ɗaya a tsaye kamar sheƙar tsuntsu. Kada ku ce na yi tsanani. Mace ce da ake shirin sake yanka mata wuya.

La'asar ba ta yi ba sai ga Baba Terna a rumfata, ya sauko daga mashin yana riƙe da hula. Ya ajiye ɗan ƙullin leda a kan bencina. Ya ce wata ƙawarta ce ta cuso shi a cikin kwandon doyar dubiya. Ya ce, "Ta ce in gaya miki wannan ne na ƙarshe. Ta ce in rantse a madadinta, na ce ta rantse da bakinta, ni ina da nawa zunuban." Na zazzage ledar a kwata a gabansa, muka koma tare na ƙarasa kan kafin magariba. Ita kuma ƙawar, ranar da ta zo kitso wurina, ta sha dungurin da har yau in ta gan ni sai ta dafa kai.

Daga nan sai jira. Ku da kuke son komai kafin salla, da kun ga jira. Aka haƙe doya, aka sayar babu ita. Aka yi sabbin kunya, aka dasa, ruwa ya sauka. Tana nan a baranda, da safe a fito da ita ta sha hantsi, ta haɗiyi maganin ƙashi, ta ci kifi da ƙwai da nono kamar yadda aka ce, ta zagaya tsakar gida a hankali tana laluben ƙasa da ƙafa. Soson kwala ya tsufa aka sayi wani. Ni kuma ina zuwa ina tsifa ina kitsawa, Baba na riƙe. Duk tafiya Abuja sai na yi mata sabo, ta ce ba za ta je gaban likita kamar mahaukaciya ba. Suka dawo suka ce ya fara, amma da saura. Suka sake komawa, aka ce ana ganin alama, a ƙara haƙuri. Ranar ta ce ta gaji, a yanka kawai a huta. Na ce in za a yanka ai sai an aske ƙeya, sai ta bar maganar yanka. Ban san ko gaskiya na faɗa ba, amma ta yi aiki.

Ban ce kitsona ne ya haɗa ƙashi ba. Likita ya yi nasa, magani ya yi nasa, barin taba ya yi nasa, Allah Ya yi ikonsa. Ni abin da na sani, kan ya daina ƙaiƙayi, kuma bai motsa a hannuna ba ko sau ɗaya.

Sai da sabuwar doya ta sake shigowa kasuwa, ina rumfa ina yi wa wata mai gishiri tsifa, na ji wata dariya daga layin manja. Na ce wannan dariyar na san ta. Keke ya tsaya, ta fito, ba kwala. Wuyan ya rame ya yi fari kamar na figaggiyar kaza. Masu doya suka bar kayansu suka yo kanta da guɗa, tana juyowa da jikinta gaba ɗaya tana amsa gaisuwa, don wuyan ba ya waiwaye kamar da, kuma ba zai ƙara yi ba.

"Iya! Ya kama! Likita ya nuna mini hoto, ya zama ɗaya kamar rogo!"

Ta nufi tabarma za ta zauna tsakanin gwiwoyina. Na ce kul. Dama na sa kafinta ya yi mini doguwar kujera mai baya, da ɗan dandamalin da zan riƙa takawa. Na nuna mata. Ta ce ita ta warke, ƙasa take so, kuma yau sai na ja har girarta ta ɗaga. Na ce wuyan da aka yi shekara da wani abu ana lallashi, ba a hannuna zai sami matsala ba. An hana ta ɗaukar kaya a ka har abada, an hana ta mashin, ni kuma na hana ta tabarma. Abu ɗaya na yi mata. Tun da daro ya bar kanta, ranar na yi mata shuku, irin wanda ta yi shekaru tana gani a kan matan wasu. Ta shiga kasuwa da shi ba ɗankwali.

Kujerar nan ita ta dawo mini da mutane. Tsofaffi masu ciwon wuya da ciwon baya, masu ciki, waɗanda aka sallamo daga asibiti, duk aka riƙa cewa a je wurin Iya Dije, ita ke zagaya kai, ba kai ke zagaya ta ba. Salun ba su da haƙurin wannan. Shi ya sa duk wadda ta zo koyo a cikinku, bayan shara da tsifa, nake jira ɗan wani ya yi barci in nuna mata da haɓa. Kuna cewa wulaƙanci ne. Ku yi ta cewa.

Mama Terna har yau tana zuwa ran Asabar, a keke, Baba Terna na gefenta. Ba a bukatar mai riƙe kai yanzu, na gaya masa, ita ma ta gaya masa. Ya ce hannunsa ya saba. Sai ya wanke hannu ya tsaya a gabanta, matan kasuwa na yi masa tsiya yana ce musu su je su nemi nasu mazan.

In na buɗe gwangwani zan ɗauko kibiya, sai ta karkato da jikinta duka ta leƙa.

"Iya, kwalbana yana nan?"

"Tana nan. Ta bushe."

Shi kuma ya ce, "Rezar fa?"

"Tana nan a takardarta. Ta yi tsatsa."

Ya ce, "Madalla. Bar ta ta ci gaba da yi."